Uba da Ɗa a Gasar Golf: Yadda Ake Shirya Tafiya Daga Tudun Wada

A Tudun Wadar Zariya idan aka ce ƙwallo, ta ƙafa ake nufi. Golf kuwa, ƙwallon lambu, an bar wa manyan sojoji da tsofaffin daraktoci, har wasu na ganin sai mai kuɗin da ya rasa abin yi ne zai yini yana bin 'yar farar ƙwallo cikin rana. Alhali filin ƙungiyar golf ta Zariya na nan a GRA, tsallaken Kubanni, mai keke-napep ma zai kai ka daga Agoro kafin ka gama waya ɗaya. Akwai malaman Kongo da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa da ke bugawa, kuma da yawansu suna da 'ya'ya maza da suka kai munzalin riƙe sanda. Da irin waɗannan iyaye nake magana, da kuma wanda bai taɓa bugawa ba amma ɗansa ya ɗauko abin.

Mu Hausawa ba mu saba uba ya zaunar da ɗansa su yi hira ido cikin ido ba. Balle ɗan fari, wanda wani uban ko sunansa ba ya kira. Yaro ya durƙusa ya gaida Baba da safe, a tambaye shi makaranta, ya ce lafiya lau, shi ke nan an gama. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ba na cikin masu cewa a watsar da ita. Amma zagayen rami 18 tafiyar ƙafa ce ta kilomita 7 ko fiye, awa 4 zuwa 4 da rabi, mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, kowa idonsa na kan ƙwallo. Maganar da ba ta fitowa a zaure takan fito a nan, don ba wanda ke kallon fuskar wani. In aka haɗa da hanya da kwanan ɗaki ɗaya a wani gari, uba zai san ɗansa a kwana biyu fiye da yadda ya san shi a zangon karatu guda. Sai dai abin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin a wuyan uban yake: ya iya riƙe bakinsa.

Aikin gida

Kada gasa ta zama ranar da yaro zai fara taka fili. Ku fara a gida. Ku je wurin sakataren ƙungiya ko kyaftin ku tambayi tsarin yara, domin ƙungiyoyi kan sassauta wa 'ya'yan mambobi da ɗalibai. Ku nemi ƙwararren da ke koyarwa a filin ya kama wa yaron hannu, ko da kai ma ka iya. Yaro ya fi jure gyaran baƙo. Kalmar da malamin fili zai faɗa ya yi dariya, in daga bakinka ta fito sai ya kwana yana tunaninta.

Abu na biyu shi ne handikaf, wato rangwamen bugu da ake ba kowane ɗan wasa gwargwadon ƙarfinsa. Kowane rami yana da ma'auninsa, bugu 3 ko 4 ko 5, abin da 'yan wasa ke kira par, kuma jimillar fili mai rami 18 takan kama 70 zuwa 72. Mai handikaf 24 da ya gama da bugu 96, in an cire masa rangwamensa ya tashi da 72. Da wannan ne ɗan shekara 13 zai iya kayar da ubansa ba tare da an yi masa alfarma ba. Tun 2020 duniya ta koma tsari ɗaya, mafi girman handikaf 54 ne, kuma ana buƙatar sakamakon rami 54, wato zagaye uku cikakku, kafin a yanka wa sabon ɗan wasa nasa. Saboda haka a bar wata biyu ko uku tsakanin niyya da tafiya, yaro ya miƙa katunansa uku, sakatare ya ba shi shaida. Gasar da ta amsa sunanta ba ta karɓar wanda ba shi da ita.

Sanduna kuma kada a tsorata. Doka ta ce kada su wuce 14 a jaka, ba ta ce sai sun kai ba. Yaro mai farawa 6 ko 7 sun ishe shi: babba ɗaya ta bugun nesa, ƙarafa uku ko huɗu, ta fita daga ramin yashi, sai ta gangara ƙwallo cikin rami. Na gwanjo sun wadatar, kuma kadi-kadin fili, wato masu ɗaukar jaka, sun fi kowa sanin mai sayarwa. Abin da za a guje wa shi ne a ɗauko tsofaffin sandunan Baba a yanke a ce an rage wa yaro. Tsawo ya ragu, amma nauyin kai yana nan, ƙotar kuma ta ƙara tauri, sai yaron ya koyi wurgi da jiki duka don ya ɗaga ta. Wannan ɗabi'a tana da wuyar fita.

Ina za a nufa

Kaduna ce tafiyar farko ga ɗan Zariya. Kimanin kilomita 80 ne, filinta tsoho ne, tun 1921, har titin da ke kaiwa gare shi da sunansa ake kira. Kano ma tana da nata daɗaɗɗen filin. Jos tana da Rayfield, wanda ake danganta kafuwarsa da 1913, zamanin Turawan haƙar kuza, ga sanyi ga duwatsu, kuma ga wanda ke da kwana uku ita na fi so a kai yaro, don tafiyar ta Fambeguwa da Saminaka kanta darasi ce. Filin IBB na Abuja, da aka buɗe a 1991, ya fi su duka ado da ruwa da tsada. A bar shi sai yaro ya daina zubar da ƙwallo biyar a zagaye.

Ba gari kaɗai ake zaɓa ba, har da irin lissafin gasar. In ana ƙirga kowane bugu daga rami na 1 zuwa na 18, rami ɗaya da ya lalace da bugu 11 ya kashe wa yaro ranar, kuma dole ya ci gaba da bugawa mutane na jira a bayansa. Tsarin Stableford ya fi masa sauƙi. A can maki ake tarawa rami-rami bayan an cire rangwame: wanda ya yi daidai da ma'auni maki 2, ya ɗara da bugu ɗaya maki 1, ya rage ɗaya maki 3. In rami ya ƙi, sai ya ɗauki ƙwallonsa ya wuce, sifili ɗaya ba ta bin sa zuwa rami na gaba. Ku nemi irin wannan a karo na farko.

Akwai kuma gasar mutum biyu-biyu. A wata kowa na buga tasa ƙwallon, a ɗauki sakamakon wanda ya fi a kowane rami. A wata kuma ƙwallo ɗaya ce ake karɓa-karɓa: uba ya buga, ɗa ya buga daga inda ta faɗa, ɗaya na fara ramukan mara, ɗaya na cika. Wannan ta biyun ita ce gwajin zumunci na gaske. Za ka aika ƙwallo ƙarƙashin darbejiya, ɗanka ne zai shiga ya fito da ita, kuma za ka ji wata irin kunya da ba ka taɓa ji a gabansa ba. Yana da kyau uba ya ɗanɗana ta. Ku yi alkawari tun a gida cewa ba mai ba wani haƙuri kan bugu, kuma ba mai yin tsaki.

Abin ba sabo ba ne a wasan. A Sikotlan, Tom Morris babba da ɗansa Tom ƙarami kowannensu ya ci gasar Open sau 4, kuma a 1868 ɗan ne ya zo na ɗaya, uban na biyu. A Amurka akwai gasar iyaye da 'ya'ya da aka fara a 1995, wadda Tiger Woods ya soma shiga da ɗansa Charlie a 2020. Mu ma a nan mun san irinsa a ƙwallon dawaki: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa ta a garinsa, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake misali da shi.

Matsayinka a fili

Tun kafin a tayar da mota, ka yanke ko kai wane ne ranar gasa: abokin wasa, ko kadi, ko ɗan kallo. Kowanne da dokarsa, kuma yawancin rigimar uba da ɗa a fili daga cakuɗa su take tasowa.

In kai ma kana cikin gasar amma ba a matsayin abokin haɗin gwiwarsa ba, to abokin hamayyarsa ne kai, ko da a rukuni ɗaya aka sa ku. Ba ka da ikon ce masa ya ɗauki sanda ta bakwai, shi ma ba shi da ikon tambayarka. Wanda ya ba da shawara ko ya nema, tarar bugu 2 ce. Nisa zuwa rami, ko inda tuta take, ko abin da doka ta ce, waɗannan ba shawara ba ne, ana iya faɗa. Amma "sassauta hannu" shawara ce.

In ɗan kallo ne kai, ka tsaya gefe, taku 20 ko 30 daga gare shi, ka taya neman ƙwallo in ta ɓace, ka riƙe ruwa. Kada ka yi masa alama da hannu ko da ido. Yaran da ubanninsu ke bin su suna girgiza kai, za ka ga bayan kowane bugu ba ƙwallo suke kallo ba, Baba suke waiwaya.

Matsayin da na fi so ga uba shi ne kadi, in gasar ta yarda, domin wasu gasannin yara sun hana iyaye ɗaukar jaka, kuma suna da dalilinsu. A tambaya tun wajen rajista. Doka ta ba kadi damar ba ɗan wasa shawara. Yana ɗaukar jaka, yana goge sanda da ƙwallo, yana share ramin yashi bayan an fita, yana riƙe tuta. Ba ya tsayawa a bayan ɗan wasa kan layin bugu da zarar ya fara gyara tsayuwa, kuma duk laifin da kadi ya yi, ɗan wasan ake ci tara. Aikinsa na farko ƙirga sanduna. A gasar Open ta 2001, Ian Woosnam yana cikin na gaba a ranar ƙarshe aka tarar da sanda 15 a jakarsa, aka ɗora masa bugu 2, don kadinsa bai ƙirga ba. In ka zuba naka sandunan a but ɗaya da na yaro, ƙirga sau biyu.

Na san akwai wanda zai ce, ina aka taɓa ganin uba na ɗaukar wa ɗansa kaya? A titin Tudun Wada in aka ga haka sai a ce yaron ba shi da tarbiyya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa abin ke aiki. Yaro zai miƙo hannu ya ce, "Baba, kawo in ɗauka." Ka ce masa, "Bar shi, yau kai ne mai wasa." Na awa huɗu shi ke yanke shawara, kai kana miƙa abin da ya nema. Da an fita daga rami na 18 jaka ta koma kafaɗarsa, girma ya koma mazauninsa, ba abin da ya ragu.

To me kadi uba zai faɗa? Kaɗan. Nisa, iska, inda haɗari yake. "Saura taku 120, iska na fuskarka, ruwa na hagu." In ya zaɓi sandar da kake ganin ba za ta kai ba, ka tambaya sau ɗaya, "Ka tabbata?" In ya ce e, miƙa masa. In ta gaza, ya koyi abin da bakinka ba zai koya masa ba. Gyaran riƙo da tsayuwa da juyin kafaɗa ba a yin su a tsakiyar gasa, ko manyan ƙwararru sai sun koma wurin atisaye. Bayan mummunan bugu kuwa, karɓi sanda, goge, ku yi gaba. Tsakanin bugu da bugu akwai tafiyar minti uku zuwa biyar. A nan ake hirar duniya: wane malami ne ke takura musu, wane aboki ne ya daina zuwa gida, me yake son karanta in ya gama sakandare. Kada ka mayar da ita tuhuma. Ka fara ba shi naka labarin, na lokacin da kake kamar shi, sai ka ga ya saki jiki.

Kaya da hanya

Filayen golf suna da dokar sutura, kuma ba sa ɗaga wa kowa ƙafa: riga mai kwala, wando na yadi ba jins ba, takalmi rufaffe mai taushin ƙasa, hular rana. Kaftani da silifa su jira a mota don sallah da cin abinci. A jaka a sa ƙwallo akalla 8 ga mai koyo, kowace da alamar biro mai kauri don ya gane tasa, da tsinkayen ɗora ƙwallo, da tawul, da fensir biyu, da kwabo ɗaya na sa alama. Ruwa gora biyu ga kowa, dabino, ayaba, gyaɗa. A hunturu a ƙara man leɓe da rigar sanyi mara nauyi, don bugun ƙarfe 7 na safe a Jos cikin Disamba ba wasa ba ne. A damina lema da safa ta canji.

In gasar safiyar Asabar ce, ku tafi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zuwa Kaduna ta Ɗan Magaji za ku fita, ku wuce Jaji da Birnin Yero da Mararrabar Jos da Rigachikun ku shiga ta Kawo, da sauran rana. Kada a yi tafiyar dare, ko wace hanya ce, kofi bai kai haka ba. Isa da wuri yana ba ku damar taka filin da yamma, ko da rami tara ne, yaro ya ga inda zai fara gobe, ya gwada saurin wurin rami. In akwai ɗan'uwa a garin, a sauka wurinsa a gaisa, amma in da hali ku kwana ku biyu a masauki. A gidan dangi yaro ɗakin samari za a tura shi, kai kuma a riƙe ka da hira har sha biyun dare, an rasa abin da aka fito nema.

Wayarka ma ka ba ta hutu a mota. Ka ba shi aikin duba hanya da riƙe kuɗin mai, ka bar shi ya sauka ya yi cinikin rake ko tsire. In lokacin karatu ne, a nemi izinin makaranta a rubuce, kada a koya masa ƙaryar ciwon kai don gasar da ginshiƙinta gaskiya ne. Kuma a sallami mahaifiyarsa da bayanin inda za a kwana da lokacin dawowa, don ita za ta kwana da waya a hannu.

Ranar gasa

Lokacin da aka rubuta muku shi ne lokacin da ƙwallo za ta tashi, ba lokacin isowa ba. Wanda ya makara da abin da bai wuce minti 5 ba, tarar bugu 2. Ya wuce haka, an cire shi. Wannan wasa bai san "ga ni nan a hanya" ba. Ku iso da awa guda: rajista, karɓar kati da takardar dokokin filin, ɗan motsa jiki, bugun gwaji. Ku lissafa sallah tun a nan. Mai fita ƙarfe 8 zai dawo kafin azahar. Mai fita 11 ya yi alwala ya sa darduma a jaka, ya yi sallah a tsakanin rami tara na farko da tara na biyu ba tare da ya tsare na baya ba.

A wurin bugun farko yaro ya gaisa da abokan rukuninsa, ya faɗi irin ƙwallonsa da alamarta, su yi musayar kati. Hannunsa zai yi rawa, na kowa ma yana yi. In wani zai buga, a tsaya cik, a yi shiru, kada inuwarka ta faɗa kan ƙwallonsa. In ƙwallo ta nufi mutane, a ɗaga murya a ce "Fo!", wanda ya ji kuma ya duƙa ya rufe kai, kada ya tsaya neman inda take. Nauyinta bai kai giram 46 ba, amma tana fasa kai. In ta shiga ciyawa mai tsawo, minti 3 kacal doka ta bayar na nema tun gyaran 2019, don haka in ana shakka a buga ta wucin gadi kafin a bar wurin, a kuma faɗa da baki cewa ta wucin gadi ce. A damina a nemi ƙwallo da kan sanda, kada a tura hannu cikin ciyawa, saboda maciji. Aka ji tsawa kuwa, a ajiye ƙarfe a nufi gini, ba gindin bishiya ba.

Abin da zai fi ba ɗan kallon talabijin mamaki shi ne burawun. A ƙasashen ruwa, kewayen rami ciyawa ce lallausa da ake aske wa kullum. Filayen Arewa da dama an san su da yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, wato burawun, saboda ciyawar can ba ta jure watanni shida babu ruwan sama. Wasu filayen sun koma ciyawa, don haka a tambaya kafin a tafi. A kan burawun akwai mai shara da ke jan buhu ko 'yar tabarma daga ƙwallo zuwa rami, ya shafe sawun ƙafa ya bar hanya sumul kamar daɓen ɗakin amarya. Ƙwallo ba ta karkata sosai a kansa, amma tana da nauyin tafiya, musamman da safe ko in an sa mai kwanan nan, sai a buga da ƙarfin zuciya a nufi tsakiyar rami, wanda faɗinsa milimita 108 ne. Ƙwallon da ta faɗo daga sama kan burawun takan tsaya inda ta sauka, amma in ta dira a busasshiyar ƙasar da ke gabansa sai ta yi tsalle ta wuce. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasan Arewa a rani ba sa ɗaga ta sama, gangaro da ita suke yi tun daga nesa. A bi bayan mai shara, kada a taka layin wani, a kuma goge ƙwallo kafin rami na gaba don yashin da man na manne mata.

Kada yaro ya raina irin wannan fili. Gasar Nigerian Open a Ikoyi ta Legas a kan burawun aka yi ta shekaru da yawa. A can Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya ci Open a 1985 da Masters a 1988, kuma ubansa ne ya koya masa wasan. Vijay Singh ɗan Fiji, shi ma ɗalibin ubansa, ya ci ta a 1988 da 1989. A 1981 Peter Tupling ya gama zagaye huɗu da bugu 255 a wannan fili.

Kati

Golf ba ta da alƙalin da ke bin kowa da usur. Ɗan wasa shi ke ƙirga bugunsa, shi ke kai ƙarar kansa in ya motsa ƙwallo a cikin daji inda ba mai gani. Abokin rukuni ne ke rubuta maka sakamako, kai kana rubuta nasa. Bayan kowane rami a faɗa da baki: "Shida na yi." Bugun da aka kai wa ƙwallo aka kuskure ta, shi ma bugu ne.

A nan ne jarrabawar uba take. Za ka ga yaron ya yi 8, ka ji ya ce 7. Wataƙila mantuwa ce, yara kan manta wanda suka yi a ramin yashi. Kada ka kunyata shi gaban mutane, kada kuma ka kau da kai. Matsa kusa ka ce, "Mu sake ƙirgawa tare," ku bi su ɗaya-ɗaya tun daga bugun farko har ya gano da kansa, shi kuma ya je ya gyara a wurin mai rubutu. Uban da ya taɓa ƙwallon ɗansa da ƙafa ya fito da ita daga bayan dutse yana ganin taimako ya yi, yaron kuwa ya gani, kuma ba zai manta ba.

In an gama, a zauna a bi kati rami-rami kafin a sa hannu. Ɗan wasa ba shi da alhakin jimilla, na kwamiti ne, amma lambar kowane rami a wuyansa take. Ya sa hannu kan lambar da ta gaza abin da ya buga, an cire shi daga gasa. Ya sa kan wadda ta fi, haka za ta zauna. A Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ya yi bugu 3 a rami na 17, mai rubuta masa ya sa 4, ya sa hannu bai duba ba. Wannan bugu ɗaya ya hana shi karawar raba gardama da Bob Goalby, kofi ya tafi. Ka ba yaro wannan labari a daren Juma'a, ya fi "ka kula" sau goma.

Bayan an tashi

A cire hula a yi musabaha da abokan rukuni, ko an ci ko an sha kashi. In kun ɗauki kadin fili, a biya shi abin da aka saba a ƙara masa, kuma yaron ne zai miƙa da hannu biyu ya yi godiya, mai shara ma kada a manta da shi. Yawancin waɗannan samari sun fi mambobi iya wasan, kuma daga cikinsu ƙwararrun ƙasar nan da dama suka fito. A tsaya rabon kyaututtuka ko ba a ci komai ba, tashi kafin a kira sunan wanda ya ci rashin ladabi ne. Gidan ƙungiya yakan haɗa da mashaya, sai ku nemi baranda ko ɗakin abinci. Za kuma a samu masu cewa a ɗan sa wani abu a kan kowane rami don wasa ya yi armashi. Caca ce, ka ce a'a da fara'a tun a rami na farko, yaro na ji.

A hanyar dawowa kada ka buɗe zancen rami na 14 da ya zubar da ƙwallo biyu. In shi ya kawo, saurara. In bai kawo ba, tambaye shi bugun da ya fi yi masa daɗi, ka faɗi wanda kai ya burge ka, da sandar da ramin, don ya san da gaske kana kallo. Gyara ya jira ranar Talata a filin GRA, a gaban malaminsa. In ya yi barci tun kafin Jaji, bar shi. Da kun iso, sanduna a wanke su da ruwa da tsohon buroshi a shanya kafin a mayar jaka, kwafin katin kuma a kai wa sakataren Zariya cikin makon, don a shigar da shi cikin lissafin handikaf ɗinsa.